Gudun Fanfalaki Da Tattaki: Shirin Da Ya Kamata Matasanmu Su Yi

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai akwai wata tambaya da ta fara yawaita, ba kuwa ta taki ko ta iri ba ce. Samari suna jin labari a rediyo cewa ana yin tseren gudu mai nisa a Ikko da waɗansu garuruwa, har ana ba wanda ya ci kuɗi masu yawa, sai su ce su ma za su iya, tun da yake kullum a ƙafa suke. Iyaye kuwa suna tsoro, gama sun ji ana faɗuwa a hanya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani dalla-dalla a kan yadda ake shirya wa irin wannan gudu, da kuma tafiyar ƙafa mai nisa, domin wanda zai shiga ya shiga da sani, ya kuma komo gida lafiya.

Mene ne gudun fanfalaki?

Gudun fanfalaki, wanda waɗansu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, iri-iri ne. Akwai na kilomita 5, da na 10, da na 21, sa'an nan babbansu wanda ake ce wa marato, shi kuwa tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Domin ku gane nisan, kusan kamar mutum ya tashi daga Kano ya bi hanyar Maiduguri da gudu har Wudil ke nan. Wannan ba abin da za a tashi da safe a yi wa gaba-gaɗi ba ne.

A ƙasarmu an fara tseren hawan dutse na Obudu a Jihar Kuros Riba a 2005, na Okpekpe a Jihar Edo mai kilomita 10 a 2013, babban tseren birnin Ikko kuwa a watan Fabrairu na 2016. A wannan shekara wani mutumin Kenya, Abraham Kiptum, shi ya zo na ɗaya a Ikko. Kaduna ma ta yi nata tseren a Nuwamba 2020. Yawanci baƙi daga Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtuka, amma akan ware wata kyauta dabam domin 'yan ƙasa. A nan ne 'yan Jihar Filato irin su Iliya Pam da Emmanuel Gyang da Deborah Pam suka yi suna. Kafin su kuwa, Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun yi wa Nijeriya gudun marato a wasannin Olimfik na birnin Seoul a 1988. A 1990 Abbas Mohammed ya gama marato cikin awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, aka yi shekara talatin ba ɗan ƙasar nan da ya fi shi.

Tafiyar ƙafa ma tana da tata gasa. A Olimfik akwai tseren tafiya, inda doka ta ce kada a ga ƙafafu biyu sun rabu da ƙasa a lokaci ɗaya, kuma ƙafar da aka jefa gaba ta sauka a miƙe. Ban da wannan akwai tattaki irin na sa kai, kamar wanda Sulaiman Hashimu ya yi daga Ikko zuwa Abuja a 2015.

'Ya'yan manoma ne suka fi iyawa

Abin da zai ƙarfafa muku zuciya shi ne, gwanayen wannan gudu a duniya yawancinsu 'yan ƙauye ne. Abebe Bikila na ƙasar Habasha ɗan makiyayi ne. Ya ci marato a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, ya sāke ci a Tokyo a 1964. Derartu Tulu, wadda ta ci tseren mita 10,000 a Basilona a 1992, daga Bekoji ta fito, wani ƙaramin gari na manoman alkama da sha'ir. Garin nan kuma shi ya ba da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A Kenya akwai garin Iten, inda wani malamin mishan ɗan ƙasar Ailan, Brother Colm O'Connell, ya zo koyarwa a makarantar St Patrick a 1976. Ba gwanin gudu ba ne sa'ad da ya zo, amma ya zauna da yaran manoma yana lura da su, yana tsara musu horo, har daga hannunsa aka sami zakarun duniya irin su David Rudisha.

Amma fa akwai bambanci ɗaya da za mu faɗa muku a fili. Iten tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, Jos kusan 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Wanda ya girma a kan tudu, inda iska ba ta da kauri, jininsa yakan saba da ɗaukar iska sosai, ga kuma sanyi da ke ba shi damar yin doguwar atisaye. Mu a nan zafi ne abokin gabanmu. Ba cewa muke ɗan Kano ba zai iya ba, sai dai tilas shirinsa ya dace da ƙasarsa.

Abin da ya sami Gyadi-Gyadi da Tarauni

Tsofaffi za su gaya muku cewa a dā Gyadi-Gyadi da Tarauni ƙauyuka ne a bayan ganuwa, da gonaki kewaye da su. Mutum yakan taka da ƙafa zuwa Kasuwar Kurmi ya komo, ba ya ganin ya yi wani abu. Yau birni ya haɗiye su. Titin Zariya da na gidan Zu da na Maiduguri cike suke da motoci da 'yan adaidaita sahu, ga hayaƙi, ga ƙura. Ɗan tafiyar da ba ta wuce minti goma ba sai an hau abin hawa. Yawancinmu muna da 'ya'ya ko ƙanne da suka koma unguwannin nan, ko Unguwa Uku, ko Hotoro, ko Darmanawa, suna aikin gadi ko shago ko ofis, suna wuni a zaune. Da haka ne hawan jini da ciwon sukari ke shigowa gidajen da ba a san su ba a dā. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, watau minti 30 sau biyar. Manomi a damina ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ɗan'uwansa na birni kuwa sau da yawa bai kai rabi ba.

To, a nan ne ƙauye ya fi birni arziki. Mai son gudu a Gyadi-Gyadi sai ya tashi da asuba kafin motoci su fito, ko ya nemi filin makaranta, ko ya tafi filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. In yana son hawa, sai Dala ko Goron Dutse. In kuwa doguwar hanya yake so mai iska mai kyau, tilas ya bi titin Zariya ya wuce Na'ibawa zuwa wajen Tamburawa da Dawakin Kudu, ko ya bi ta Mariri ya shiga ƙauyuka. Ku kuwa abin da yake nema yana ƙofar gidanku: burtali, da turbar gona, da hanyar kasuwa ta jar ƙasa. Ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa da agara, shi ya sa 'yan Kenya ma a hanyoyin ƙasa suke yin yawancin horonsu.

Lokacin da ya dace

Kada gudu ya ci gona. Daga shuka zuwa noman firi da maimai, jiki ya riga ya sha aiki, wanda ya ƙara masa gudu mai nisa zai rasa duka biyu. A damina ɗan gudu kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Lokacin horo na sosai shi ne bayan an kai amfani gida, daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da akwai abinci a rumbu, gari kuma da sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri ƙwarai a rage, musamman masu tari ko asma. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, sa'ad da zafin Kano ke kai wa awo 40, kada kowa ya yi gudu bayan hantsi. Da asuba ne, ko kuma dab da faɗuwar rana.

Kafin a fara

Wanda ya haura shekara 40, da wanda aka taɓa ce masa yana da hawan jini ko ciwon zuciya ko ciwon sukari, ya fara zuwa asibiti a auna shi. Mai ciwon sikila kada ya shiga gudu mai nisa sai da izinin likita, wanda kuma aka ce jininsa AS ne ya kiyayi zafi da ƙishirwa fiye da kowa. Mai zazzaɓi ba ya gudu ko kaɗan. Bayan zazzaɓin cizon sauro a gama shan magani, a huta har ƙarfi ya komo, sa'an nan a fara da tafiya. Yaran da ba su kai shekara 18 ba su tsaya a kilomita 5 ko abin da bai kai ba.

Tsarin mako goma sha biyu domin kilomita 10

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma zango-zango suke yi. Sukan tashi da sassafe, su sauka kafin dabbobi su galabaita, madugu kuwa ba ya barin ayari ya yi saurin da raunanan cikinsa ba za su iya ba. Haka horon gudu yake. Ga tsarin da muke ba da shawara:

1. Mako na 1 zuwa na 3. Kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kowace rana minti 30: a yi gudu a hankali minti ɗaya, a yi tafiya minti biyu, a yi ta maimaitawa.

2. Mako na 4 zuwa na 6. Har yanzu kwana uku. Gudu minti biyar, tafiya minti ɗaya, har minti 35 ko 40. A ƙarshen mako na shida mutum ya iya kai kilomita 5.

3. Mako na 7 zuwa na 9. Kwana huɗu. Kwana biyu gudun minti 30 ba tsayawa. Rana ɗaya ta hawa ce: a sami tudu ko gaɓar rafi, a hau da gudu a sauko da tafiya sau shida. Rana ɗaya kuma ta doguwar hanya, kilomita 6, sa'an nan 7, sa'an nan 8.

4. Mako na 10 da na 11. Kamar na baya, amma doguwar hanya ta kai kilomita 9 zuwa 10.

5. Mako na 12. A rage komai da rabi. Kwana biyu kafin tsere a huta sarai.

Ga ma'aunin da ba ya bukatar agogo: in kana gudu ba ka iya yi wa na kusa da kai magana, ka yi sauri da yawa, sai ka sassauta. Yawancin horo a hankali ake yinsa. Kuskuren samari ke nan, kowace safiya sai su mai da ita gasa, cikin mako biyu gwiwa ta kumbura su bari. Kada kuma a ƙara nisa da yawa a tashi ɗaya. Masu horarwa sukan ce ƙarin mako kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya wuce.

Auna nisa ba wuya. A roƙi mai babur wanda mitarsa ke aiki ya bi hanyar, a sa dutse ko a shafa farar ƙasa a bishiya a kowace kilomita. Kewaya cikakken filin ƙwallo sau uku kusan kilomita ɗaya ne. A filin tsere irin na birni zagaye ɗaya mita 400 ne, watau zagaye 25 kilomita 10 ke nan.

Mai son marato kuwa, sai ya yi shekara guda yana gudu a kai a kai, ya shiga tseren kilomita 10 da na 21 tukuna, sa'an nan ya ɗauki wata huɗu yana shiri na musamman har doguwar hanyarsa ta kai kilomita 30. Wanda ya tsallake matakan nan kuɗin motarsa zai yi hasara, in ma abin ya tsaya a kuɗi.

Masu tattaki

Tafiya ta dace da kowa, dattawa da mata da waɗanda gudu ya fi ƙarfinsu. Mai tafiya da kuzari yakan ci kilomita 5 a awa guda. A fara da minti 30 sau biyar a mako, sa'an nan rana ɗaya a riƙa ƙara rabin awa kowane mako har ta kai awa uku ko huɗu. Wanda ya kai haka zai iya tattakin kilomita 20. A yi atisaye da takalmin da za a yi tafiyar da shi, da kuma irin kayan da za a rataya. A kan titin mota a bi gefen hagu domin a riƙa fuskantar motocin da ke zuwa, a sa riga mai haske, kada kuma a jeru fiye da mutum biyu.

Abinci da ruwa

Ba sai an sayi abincin gwangwani ba. Tuwon dawa ko na masara, da fura, da dankali, da shinkafa su ke ba da ƙarfin gudu. Wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da awara, da nono, da ƙwai su ke gyara naman jiki. Zogale da rama da alayyafo suna taimakon jini, abin da 'yan mata masu gudu ke bukata ƙwarai. Kafin fita da asuba ɗan koko ko dabino uku ya isa. Bayan an komo a ci abinci sosai cikin awa guda.

A sha ruwa kafin fita da bayan komowa. In gudu zai wuce awa guda, a ajiye ruwa a hanya, ko yaro ya bi da keke. Ruwan gishiri da sukari wanda muka saba haɗa wa yara masu zawo yana da amfani a nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kada a cika ciki da ruwa har ya riƙa kaɗawa, gama shan da ya wuce kima ma yana da lahani. In fitsari ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman ruwa.

Wata magana kuma da ba za mu ɓoye ba. Akwai masu ruɗin samari cewa Tramadol da irinta suna ƙara ƙarfi. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, ciwo kawai take rufewa, mutum ya yi ta gudu a kan rauni bai sani ba, ko ya faɗi yana farfaɗiya. Tun daga 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa. Wanda aka kama sai a ƙwace kyautarsa a kuma dakatar da shi.

Takalmi da ƙafa

Bikila ya yi gudu ba takalmi, amma shi ma da takalmi ya ci na Tokyo. A hanyoyinmu akwai ƙaya da kwalba da ƙarangiya. Kambas na gwanjo ya isa in tafinsa bai cinye ba, kuma akwai sararin yatsa guda a gaban babban yatsa. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Silifas ba na gudu ba ne. Kada a sa sabon takalmi ranar tsere. A yanke farce, a shafa man kaɗanya a tsakanin yatsu da cinyoyi domin kada su saɓule. In bororo ya fito a wanke a rufe da tsumma mai tsabta. Ciwon da ke sa mutum ɗingishi kuwa, hutu yake so, ba jarumtaka ba.

Alamun haɗari

Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take. In kuka ga mai gudu yana tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, jikinsa kuma zafi zau, zafin rana ne ya buge shi, abin kuwa yana kisa. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti ba da jinkiri ba. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Mun san amfanin gayya a gona, haka yake a nan. Mutum ɗaya yakan ji sanyin asuba ya koma barci, amma in biyar suna jiransa a bakin rijiya zai fito. Kowace ƙungiya tana iya zaɓen mutum ɗaya mai natsuwa, ko malamin makaranta, ya riƙe littafi yana rubuta wanda ya fito da nisan da aka yi. 'Yan mata su yi nasu rukuni tare da wata babbar mace, da yardar iyaye, da shigar da ba za ta jawo magana ba. A buɗe ƙofa ga dukan matasan gari, in kuma lokacin azumi ya zo a sassauta wa masu yi.

Bayan mako goma sha biyu sai a shirya ƙaramin tsere na gari: kilomita 3 na yara, 5 da 10 na manya, da tafiyar kilomita 5 ta dattawa. A sanar da mai gari, a gayyaci ma'aikacin lafiya, a fara da ƙarfe shida da rabi na safe, a ajiye ruwa kowace kilomita biyu da rabi, mai babur kuma ya bi na ƙarshe. Kyauta ba sai ta yi tsada ba: fartanya, ko mudun iri, ko ɗan akuya. A gayyato 'yan'uwanmu na Gyadi-Gyadi da Tarauni su zo gida su taka hanyar da suka manta.

In aka sami yaro ko yarinya da ya yi fice, sai ƙungiya ta kai sunansa ga malamin wasanni na makaranta ko hukumar wasanni ta jiha, a kuma taimaka da kuɗin mota. Amma a gaya masa gaskiya: cikin dubban da ke shiga tseren Ikko, kaɗan ne ke komowa da kuɗi. Kada ya bar makaranta, kada ya sayar da akuyar uwarsa domin tafiya. Ribar da ta tabbata ga kowa ita ce lafiyar jiki, da kuma samari da suka sami abin yi da rani maimakon zaman banza a tasha.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan bayani a taronsu na gaba, kafin a gama girbi, domin a fara a tsakiyar Nuwamba. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, da wahalar da ta gamu da ita, domin sauran su ƙaru. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da sa'a.